Fuskar Jirgin Kawu

Kwalekwale ba shi da fuska. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi a ƙasar Kabi ya san haka, ko da bai taɓa zama ya yi tunanin abin ba. Itace ne aka fafe, ko kuwa falankai aka haɗa da ƙusa aka toshe tsakaninsu da tsumma da kwalta, gaba da baya kusan duk ɗaya, babu wani wuri da matuƙi zai duba jirgin ya gaya masa halin da yake ciki. Abin da Basarke ke bukatar sani, jikinsa ne ke sanar da shi. Tafin ƙafarsa ke jin ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Gorar da yake tuƙi da ita ke gaya masa zurfi, ta kuma gaya masa yashi ne a ƙasa ko laka. Idonsa kuwa shi ke rarrabe ruwan da ke kwance bisa rairayi da wanda ke murɗawa bisa gurbi. Ko jirgin Kanta, wanda masu ba da tarihi suka ce an lulluɓe shi da tagulla yana ratsa fadamar nan da shi in ruwa ya cika, abin da ke gabansa bai wuce idon matuƙansa ba.

Shi ya sa Hausa ba ta tanadi suna ga abin da zan yi magana a kansa ba. Direbobin tasha suna cewa dashbod. Ni a nan zan kira shi allon gaba, wani lokaci in ce fuska kamar yadda kawuna ke faɗi, wato katakon nan da ke gaban matuƙin jirgi mai inji, inda sitiyari yake, da makulli, da agogunan da ke nuna mai da wuta da juyawar inji. Malamanmu masu tace harshe su yi mini afuwa, in sun samo sunan da ya fi wannan zan karɓa hannu biyu-biyu.

Jirgin na kawuna ne, wan mahaifiyata, Basarke gaba da baya. A shekarun farko na jihar Kebbi, bayan an yanke ta daga Sakkwato a 1991, wata ma'aikata ta yi gwanjon tarkacenta, kawu ya sayar da shanunsa biyu na huɗa ya sayi wani farin jirgin faiba mai tsawon ƙafa 19, irin wanda manyan ma'aikata kan shiga su duba aikin noman rani. Mutane suka ce ya haukace. Ya daɗe yana fito da shi, lokacin bikin kamun kifi kuwa ya kai shi Argungu ya yi ta zagayawa da baƙi a Matan Fada suna kallon wasannin Kabanci, tseren kwalekwale da kamun agwagwa da nutso, ya dawo da abin da ba ya samu a wata uku. Daga baya inji ya fara ciwo, yau lafiya gobe babu, har ya kwanta. Bikin ma ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020, kawu bai ga dalilin zuba kuɗi a gyara ba. Gidansa a tsohon gari yake, kusa da gangaren Dukku, lungun da ko amalanke da ƙyar take shiga, don haka aka ɗoro jirgin a bayan babbar mota aka kawo gidana a Gesse, aka kwantar da shi bisa tsofaffin tayoyi ƙarƙashin dogon yaro, wai na kwana biyu. Gesse kuwa tudu ce, unguwar ma'aikata, babu abin da ya haɗa ta da ruwa sai na famfo, shi ma in ya ga dama. Kwana biyun nan ya zama shekara 14. Yara suka mai da shi wurin wasa, kaji suka mai da shi akurki, har masu kwatance suka koma ce wa gidana gidan mai jirgi.

Ambaliyar 2020 ce ta tayar da maganar gyara. A daminar nan ruwa ya shanye shinkafar fadama tun daga Argungu har Birnin Kebbi, ya hau hanyar da ta tashi daga Dukku zuwa Makera, wanda ke da gona ko dangi a ƙetare bai da hanya sai jirgi. Fadamar kuma ba ta da ba ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a nan jihar cikin Nuwamban 2015, ta cika da mutanen da ba su gaji ruwa ba, malaman makaranta da 'yan tireda da ma'aikatan ofis, waɗanda in jirgi ya kife ko iyon taku biyar ba za su iya ba. Gulbin shi ma ba na da ba ne. Kafin a gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, tsofaffi na ƙidaya zuwan ruwa da kwanakin damina, da wuya su kuskure. Yanzu kuwa ana iya kwana gari garau, a wayi gari ruwa ya iso daga sama don madatsa ta cika an buɗe ƙofa. Kawu ya tsufa, yana ta rufe masa ido ɗaya. Wanda zai tuƙa jirgin ɗansa ne, taubashina, wanda ya fi shekara goma yana kabu-kabu a cikin gari. Ya iya filafili kamar kowane ɗan Sarkawa, amma kunnen nan na ubansa, mai jin inji ya canza murya tun kafin ya yi zafi, bai gada ba. Shi dole jirgin ya yi masa magana da abin da ido zai gani.

Haɗa kuɗin ya kai mu ranin 2024. Maganar inji ba ta da tsawo: tsohon ya mutu murus, muka sayo Yamaha ɗan Kwatano mai ƙarfin doki 40, wani makaniki daga Yawuri ya zo ya ɗaura. Jikin jirgin kuwa faiba ne, ba ya ruɓewa, faci biyu aka yi masa. Ni da nake tsammani an gama, ashe ba a fara ba.

Ranar da muka kwance allon gaba, sai da muka ja da baya. Filawud ɗin ya rabu fallaye-fallaye kamar littafin da ruwa ya daka, ka sa yatsa ya nutse. A bayansa zanzaro ya gina gari guda. Ɓeraye sun cinye rigar wayoyi sun bar jan ƙarfen tsirara, shi ma ya yi kore, ka lanƙwasa ya karye. Agoguna biyar ne a jere, gilashinsu ya yi hazo, tsinken kowane ya tsaya inda ajali ya same shi. Igiyar ƙarfen da ke tafiya daga sitiyari zuwa inji ta ƙage da tsatsa, sai da ta kwana uku tana shan baƙin mai kafin ta motsa, daga ƙarshe ma sabuwa muka sa, don ba a wasa da abin da ke juya jirgi. Kawu na zaune bisa tabarma a inuwa yana kallonmu da idonsa mai gani. Ya ce, "Ɗan boko, mi kaka son yi da matattun agogan ga? Ni shekara nawa nika tuƙa shi ban diba su ba."

Na ce, "Kawu, ai ba kai za ka tuƙa ba yanzu."

Ya yi shiru, ya ci gaba da jan tasbaha.

Kafintan da muka kira gwanin kayan ɗaki ne, gadajen amare da sif da madubi. Ya duba, ya ce aiki ne na yini ɗaya: filawud sabo, a lulluɓe da farar fomeka mai ƙyalli, a zagaye gefe da zaren gwal na roba, duk wanda ya gani sai ya sake kallo. Ba laifinsa ba ne, idon ɗakin amarya gare shi. Amma filawud na kasuwa gam ɗin da ya haɗa fallayensa ba ya jure laima, damina biyu ya isa ya koma yadda muka tarar da na farko. Akwai wanda ake yi musamman don jiragen ruwa, sai dai nemansa a nan kamar neman jinin jikin fara ne. Fomeka mai ƙyalli kuwa ita ce babbar matsala. Matuƙi a gulbinmu da ido yake tafiya, yana neman inda ruwa ya yi fari-fari alamar yashi, da kututturen da ambaliya ta jawo, da igiyar kallin masunta. In rana ta take, farin allo mai sheƙi zai mayar masa da hasken cikin ido, ya zama yana tuƙi a makance. Nan kawu ya sa baki karo na farko ba da gatse ba, ya ce a nemo maɗaci. Da shi kakanninsa ke sassaƙa jirgi, ɗacinsa kuma gara ba ta cika sonsa ba. Muka samo busasshen falanki guda mai kauri a wajen masu katako, kafinta ya fere shi, ya goge da sanfefa. Kafin a ɗaura komai muka shafe shi da ruwan gam ɗin faiba gaba da baya, musamman bakin kowane rami da aka huda, domin ta nan ruwa ke shiga itace, ba ta fuska ba. Aka bi shi da fenti mai duhu marar ƙyalli. Kafinta ya karɓi kuɗinsa yana girgiza kai, ya ce bai taɓa yin aikin da ya fito da muni da gangan ba sai wannan.

Sai rewaya, wato mai haɗa wutar mota. Yaro ne mai hannu, a garejinsu ana layi a kansa. Ya iso da buhu cike da agoguna da ya ciro daga matattun motoci, masu kyau ƙwarai, wasu da fitila shuɗiya a ciki. Ya ce, "Malam, ramuka biyar ne, ga agogo biyar. Biyu za su yi aiki, ukun a bar su don ado. Haka ake yi ko a manyan motoci, wa zai sani?"

Mai karatu, a nan ne na kafe, kuma har yau ina kan bakana. Agogon ado ya fi rami illa. Rami ba ya cewa komai, wanda ya gan shi ya san babu labari a nan, sai ya nemi labarin da kunnensa ko da hannunsa. Amma tsinken da ke tsaye a tsakiya yana nuna lafiya lau alhali ba a haɗa shi da komai ba, wannan shaidar zur ce. A mota in agogo ya yi maka ƙarya ka tsaya a gefen hanya ka jira taimako. Gulbi ba shi da gefen hanya. Na ce masa, "Injiniya, duk wanda ba zai faɗi gaskiya ba, a toshe raminsa."

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na mai shi ya fi ba mu dariya da tsoro. Rewaya ya haɗa nasa, muka zuba fetur a tanki, tsinke ya gangara zuwa babu. Muka zuƙe man, ya hau zuwa cike. Dalili kuwa shi ne, a cikin tanki akwai wani ɗan abu mai iyo bisa mai, shi ke aika wa agogo saƙo ta waya, kuma masu ƙera waɗannan abubuwa yare biyu suke yi. A tsarin Amurka, in tanki ya cika hanyar wuta buɗewa take yi, in ya ƙare ta ƙuntata. A tsarin Turai akasin haka ne. Tankinmu ɗan Amurka ne, agogon rewaya ɗan Turai, kowa na faɗin gaskiyarsa, abin da ya fito a fuska ƙarya tsagwaronta. Ka ƙaddara yaro ya taso daga ƙetare da almuru, tsinke na ce masa cike, alhali kofi biyu ya rage. Sai da muka aika Legas aka kawo wanda ke jin yaren tankin. Duk da haka kawu ya sa aka fere sanda aka yi mata tsaga-tsaga, aka rataye kusa da bakin tanki, ya ce ita ba ta da yare.

Na juyawar inji ma na mota bai yi ba, don shi tartsatsin fulogi yake ƙirgawa a injin da ba irin wannan ba. Na jirgi daga naɗin wayar da ke cajin batir yake ɗaukar lissafinsa, kuma akwai ɗan maɓalli a bayansa da ake saitawa daidai da injin. Shi ma saye muka yi, ya ci kuɗi, amma kamar yadda za a gani ya biya. Na batir kaɗai ne daga buhun rewaya ya samu shiga, don wuta dai wuta ce: in inji na kashe ya nuna 12 da ɗoriya, in yana aiki ya haura 13, in bai haura ba to caji ya tsaya. Na gudu kuwa ba da wuta yake aiki ba, wani siririn tiyo ne ke kawo masa matsin ruwa daga bayan jirgi, kuma a gulbi mai laka irin namu toshewa yake kullum. Muka cire. Na biyar kamfas ne mai nuna gabas da yamma, wanda aka yi don masu shiga teku inda ba a ganin gaɓa. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce duk wanda ke bukatar agogo ya nuna masa gabas tsakanin Dukku da Makera, to ya zauna gida. Ramuka biyu kenan, kafinta ya dawo ya toshe su da guntayen maɗaci. A maimakonsu muka sa 'yar ƙararrawa mai kuka in inji ya yi zafi, domin yashin gulbin nan yana cinye robar famfon da ke zuƙo ruwan sanyaya inji, kuma yaron da ke kallon gaba ba kullum zai waiwaya ya ga ko fitsarin inji na fita ba. Wayoyi duka sababbi muka ja, masu silli da yawa a ciki, ba sandararriyar wayar gida da girgiza ke karyawa ba, kowace da fis nata, kowane mahaɗi an like shi an ɗaga shi sama da inda ruwa ke taruwa.

Abu ɗaya ne kawu ya yaba ba tare da an roƙe shi ba. Kusa da makulli akwai wani maɓalli da ake maƙala wa jar igiya, ɗaya bakin matuƙi ya ɗaura a hannu. In ya faɗa ruwa igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. A tsohon allon wani ya cusa guntun roba ya danne maɓallin don kada ya dame shi. Da na yi wa kawu bayani sai ya miƙa hannu aka ba shi igiyar, ya juya ta, ya ce ya taɓa ganin jirgi ya yar da mai shi, ya yi kwana ya dawo kansa da farfela. Bai ƙara komai a kai ba. Ya dubi ɗansa ya ce, "Wagga, ko salla za ka yi cikin jirgi, tana hannunka."

Ana kankare tsohon fenti a gefen akwatin da allon ke zaune a kai, sai wuƙa ta ci karo da ƙarfe. Wani ɗan faranti ne na alminiyon, bai fi tafin hannu ba, fenti hawa uku ya binne shi. Da muka wanke da kananzir rubutu ya fito da Turanci, aka miƙo mini in karanta. Cewa ya yi jirgin nan kada ya ɗauki fiye da mutum 8, ko nauyin kilo 600. A Amurka tun farkon shekarun 1970 doka ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba su manna irin wannan a inda matuƙi zai gani. Wani mai fenti a wata shekara ya ga bai da amfani ya shafe. Na ƙara da cewa takwas ɗin har da matuƙi.

Taubashina ya karɓi farantin ya jefa cikin kwalin tarkace. Ya ce, "Kai ɗan mace, albashi kaka ci, shi ya sa. Bari in yi maka lissafi."

Lissafinsa kuwa ba na wasa ba ne, kuma ba zan rage masa ƙarfi don in ci gardama a takarda ba. Kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, a lokacin da muke wannan aiki ta haura 600. Injin nan in an sake masa totur yana shan kusan lita 20 a awa, ban da man gauraya, lita 1 a kowace 50. Manyan kwalekwale na katako masu inji suna kwasar mutum 30, 40, har da babura, a kuɗi kaɗan. Shi da fasinja 7, nawa zai ce su biya? Sannan ya kawo wadda ta fi nauyi. Ya ce in magariba ta yi, ruwa na ƙaruwa, ya bar mutum na tara a gaɓa, ina za shi? Ai wani ruɓaɓɓen jirgin zai shiga wanda ya fi nasa haɗari. To wa ya cece shi, wa ya kashe shi?

Ni abin da ke raina Wara ce. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin katako ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum fiye da 150, ya rabe a tsakiyar Kwara, waɗanda aka ciro da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Babu wanda ya shiga jirgin nan da niyyar mutuwa, kuma na tabbata kowane mutum na ƙarshe da aka ƙara yana da uzurinsa mai kyau. Haka lodi yake, ba a yin sa gaba ɗaya, ɗaya-ɗaya ake yi, kowane ɗaya da hujjarsa. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A Ingila sai da wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi shekaru yana faɗa kafin a yi dokar 1876 da ta sa a ja layi a jikin jiragen kaya, in ruwa ya rufe layin an yi lodi fiye da kima. Abin dariya, da farko mai jirgi aka bar wa zaɓin inda zai ja layinsa, sai cikin shekarun 1890 hukuma ta karɓe wannan iko. Na faɗi duk wannan, taubashi ya ce Ingila ba su san kuɗin fetur na Birnin Kebbi ba. Muka rabu ba mu daidaita ba, na dai tsame farantin daga kwali na sa aljihu.

Kawu bai ce uffan ba sai da ruwa ya kawo cikin Agusta muka kai jirgin Dukku gwaji. Ya sa aka kawo buhunan shanshera daga wajen wani maƙwabcinsa, don buhu ɗaya ya yi nauyin ƙato guda. Ya zauna a gaba, ɗansa na kan sitiyari, ni ina tsaye a gaɓa ina ƙirga. Ana sa buhu, sai ya miƙa hannu ya auna daga bakin jirgi zuwa ruwa da taƙinsa. Da nauyi ya kai na mutum 8 suka zagaya, jirgi ya ɗaga hanci ya miƙe, suka dawo taubashi ya ce tsinken juyawa ya wuce 5,000, wato yana cikin abin da masu injin suka ƙayyade, 4,500 zuwa 5,500. Aka ƙara biyu. Jirgi ya tafi, amma da nishi. Aka ƙara biyu kuma. Wannan karon ya ƙi ɗaga hanci, ya yi ta turar ruwa kamar sa a laka, tsinke ya kasa kaiwa 4,500, man da yake sha kuwa bai ragu ba. Da suka yi kwana, igiyar ruwan da shi kansa ya tayar ta dawo ta leƙo ta baya, ta jiƙa buhu biyu. Taubashi ya dawo gaɓa bai kalle ni ba.

Kawu ya ce a ba shi farantin. Ya shafa rubutun da babban yatsa, ya ce ranar da ruwa ke kwance jirgin ga na ɗaukar goma lafiya lau, amma wanda ya rubuta takwas da ranar iska ya yi lissafi, kuma iska ba ta aiko da manzo. Na ce to sai a mayar da shi gaban matuƙi inda yake da. Ya ce a'a.

"Ɗan boko, kai duk karatunka ba ka gane ba. Matuƙi ya san nawa jirginai ka ɗauka. Ba shi ka cika jirgi ba, kunya ka cika shi. In abokina ya zo, tsoho sa'an ubanai, yac ce ɗana matsa in shiga, yaron ga na iya ce mai a'a? In mace ta zo da goyo tana roƙo? Ku sa shi inda masu shiga ka gani. In ya hana mutum, ba shi ya hana ba, jirgi ya hana."

Haka aka yi. Farantin ya koma bayan akwatin allo, yana fuskantar kujerun fasinja. Da yake Turanci ne, muka sa mai rubutun allon shaguna ya rubuta a ƙarƙashinsa da boko, wani gardi daga makarantar allon unguwarsu kawu ya rubuta da ajami, duka da farin fenti: mutum 8 har da matuƙi, buhu ɗaya mutum ɗaya ne. A gefen sitiyari kuma aka rubuta lissafin man gauraya. Taubashi ya ƙara kuɗin fito, ya rasa wasu fasinjoji, ya koma dogaro da shata, manoman da ke son a kai su gona da sauri da ma'aikatan lafiya masu zuwa ƙauyukan ƙetare. Har yau in mun haɗu sai ya ce ni na talauta shi, in biya.

Cikin daminar nan wata ranar Juma'a na sauka Dukku da hantsi, na tarar jirgi ya cika, bakwai na zaune. Sai ga wani dattijo abokin kawu, da sandarsa da buta, ya sa ƙafa ɗaya a bakin jirgi ya ce, "Ɗana, matsa mini." Taubashi ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ni ban isa ba, amma diba abin da anka rubuta." Tsohon ya sunkuya, ya bi ajamin da yatsa yana motsa baki har ƙarshe. Ya ƙirga mutanen ciki da sandarsa, ya sake ƙirgawa. Ya janye ƙafarsa, ya ce tun da yake bai taɓa ganin jirgi marar kunya irin wannan ba, ya sami gindin wata bishiya ya shimfiɗa buzunsa, ya ce in an dawo sahu na biyu a tashe shi.